Gorar Tawadar da Muka Kai Showak

A kakar da ta biyo bayan shekarar da yaƙi ya koro mutanen Hartum da Madani suka cika makarantun Gadarif, aka aiko mini daga Ƙala'at an-Nahal cewa Baffa yana nemana, in taho masa da bagaruwa da ƙaro mai kyau. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe hannuna na fara jan baƙi a allo, shi kuma ya koya mini ajami. Saƙon ya ba ni mamaki, domin bagaruwa da ƙaro kayan haɗa tawada ne, shi kuwa idonsa ya daɗe da yin hazo, ya ajiye alƙalami. 'Yan'uwa masu bibiyar rubutuna, ga yadda tafiyar ta kasance.

Mun tashi da asuba ni da wani abokina mai sayen riɗi, a bayan wata tsohuwar bokasi, wato a-kori-kura. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani bara. Da na yi magana direba ya nuna mini jarkar mai ya ce in tambaye ta, ita ta yanke. Kafin mu bar gari mun sha shayi da zalabiya, irin fanken nan, wurin wata mata da aka ce malamar makaranta ce a Madani kafin gudu. Zalabiyar ta ƙanƙance, amma ta miƙo mana ita da ladabi kamar a falonta muke.

Hanyar kudu ba kwalta. Damina ta janye, baƙar lakar nan tamu ta bushe ta tsattsage, tsagar da akuya za ta iya karya ƙafa a ciki. An tsayar da mu a shingaye, aka duba takardunmu. Wani soja ya kwance ƙullin bagaruwata ya shinshina, ya ce maganin me ne, na ce na mantuwa ne, da shi ake rubutu. Bai yi dariya ba, amma ya mayar mini.

Abin da ya fara taɓa mini zuciya gonakin riɗi ne. An yanke, an jingina dammuna a tsaitsaye su bushe, jeri bayan jeri har iyakar gani, kuma ba mutum ko ɗaya a cikinsu, domin masu ƙwadago sun yi ƙaranci bana. Da rana ta take, iska ta ɗauke, sai ka ga kamar jama'a ce ta yi sahu tana jiran liman.

Mun isa bayan azahar. Garin yana gindin duwatsu, kuma kowane lokaci akwai wani gunji a iska, na zuma ne da ke cikin kogunan dutse. Mutanen garin sun daina jinsa, baƙo ne kawai yake ta waiwaye. Na sami Baffa a rumfa bisa gadon igiya, ya rame, amma muryar tana nan.

"Ka zo da bagaruwar, ko ka zo da bakinka kawai?"

"Na zo da duka biyu, Baffa."

"To ajiye ɗaya, ka kawo ɗaya."

Matarsa ta kawo kisra, wainar dawa mai fale-fale, da miyar kuɓewa. Ta raɗa mini cewa tun damina ba ya cin kirki, kuma ya hana kowa taɓa wata gafaka da ke rataye a ɗakinsa. Bayan la'asar ya ce in sauko da ita in kawo haske.

Takardu bakwai ne a ciki, ba irin namu ba, sirara kamar fatar albasa amma masu ƙarfi. Shida cike suke da wani rubutu ja-ja kamar tabon shayi, layukansa suna gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kowane harafi kamar ƙaramin ɗaki mai ƙofofi. Ta bakwai ta cika zuwa rabi, sauran rabin fari.

"Farare aka kawo mini su," in ji Baffa. "Dukkansu. Ba ɗigo ɗaya."

Sai ya ba ni labarin. A shekarar babbar yunwa, lokacin da mutanen Habasha suka yi ta tsallakowa, yana zaune a Showak yana rubuta Alƙur'ani yana sayarwa. Cikin likitocin da suka zo taimako akwai mutumin Japan, kowa yana ce masa Yabani. Kullum da safe kafin ya shiga wurin marasa lafiya sai ya wanke hannu da baki, ya durƙusa, ya goga wata baƙar sanda a kan dutse da ɗan ruwa har ta zama tawada, ya ɗauki alƙalamin gashi ya yi ta rubutu ba ya magana da kowa. Baffa ya taɓa tsayawa ya kalla, ya ce bai taɓa ganin wanda ba musulmi ba yana girmama harafi haka. Shi ma Yabani yakan tsaya a rumfar Baffa ya kalli yadda yake fiƙe kara.

Da sandar tawadar ta ƙare, Yabani ya zo da wata yarinya mai yi masa tafinta, ya kawo damin takardar ƙasarsu, ya ce a ba shi gora ɗaya ta tawada a madadinta. Baffa ya karɓa ya ce gobe. Daren nan ya gwada takardar, ya ga ba ta shan tawada ba ta zubarwa, ya fara Baƙara a kanta. Washegari ya tambayi tafintar me mutumin yake rubutawa, ta ce littafin addininsu ne, addinin Buda, kwafarsa da hannu ibada ce a wurinsu.

"Kai ka san kurtuna," in ji Baffa. "Ba a wanke shi. Sabuwa a kan tsohuwa ake zubawa, tun daga ta malamina. Na ce wannan tawada ba za ta rubuta wani abu ba. To ai sai in dafa masa wata daban a sabuwar tukunya, ko in mayar masa da takardarsa. Ban yi ko ɗaya ba. Kullum ya aiko sai in ce gobe."

Ana cikin haka 'yarsa ta fari ta kamu da ciwon da yake kwashe yara a shekarar. Yabani ya tsaya a kanta, bai taɓa tayar da zancen tawada ba. Allah ya karɓi abinsa. Baffa ya kwashe iyalinsa ya dawo kudu ya kama noma. Bayan wata biyu wani direban lori ya kawo masa waɗannan takardu farare, ya ce daga Yabani.

"Na gane nufinsa. Cewa yake: ga aikina, fari fat, saboda kai. Na rataye su ban ƙara dubawa ba."

Sai da aka yi shekaru, wata damina yana shanya littattafai, ya ga ta farko ta yi rubutu. Daga nan kowace ta ɗauki lokacinta. Ta bakwai bana ta fara, kuma ta fi sauran sauri.

Na yi ƙoƙarin kwantar masa da hankali. Na ce ruwan ƙaro ne zalla aka yi rubutun da shi, ba ya nuna kansa sai hayaƙi da laima sun dafa shi shekara da shekaru.

"Ni za ka koya wa ƙaro? Na sani. Amma gafaka ɗaya, hayaƙi ɗaya, damina ɗaya. Me ya sa suke fitowa bi da bi kamar masu jiran layi?"

Ya ce shi ya riga ya sa a ransa ranar da ta bakwai ta cika ranar zai tafi, kuma ba mutuwar yake tsoro ba. Yana tsoron ya tsaya gaban Allah da haƙƙin wani a wuyansa, haƙƙin da ya rubuta Alƙur'ani sukutum a kansa. Bambancin addini ba ya goge bashi. Yana son ya kai tawadar Showak da ƙafarsa, ya nemi duk wanda ya rage daga mutanen Yabani.

Washegari muka haɗa yambari, tawadar takarda, a sabuwar tukunya. Ni na daka bagaruwa, shi yana zaune yana ba da umarni. Aka tafasa, aka jefa kashin maƙera, aka bar ta ta kwana, aka tace, aka sa ƙaro. Da yake ba ya gani sosai, da harshe ya gwada ta, ya ce a ƙara wuta. Da ta yi, ya sa na cika gorar duma na toshe da tsumma. Duk tsawon aikin zuma suna kewaya tukunyar, ba wadda ta sauka.

Mun kamo hanyar arewa a gaban lorin riɗi, Baffa a tsakiya, gora a cinyarsa, gafaka a ƙirjinsa. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce wa direba, "Ɗana, tawada ka ɗauko, ba duwatsu ba." Mun kwana a gidana a Gadarif. Da safe ya ce in duba masa ta bakwai. An ƙaru da layi biyu a kan yadda na gan ta. Na ce masa tana nan yadda take kusan. Ya ce kusan ɗin ne bai so ba.

Hanyar Showak kwalta ce, ta Kasala, sai dai manyan motoci sun cinye gefenta. Mun wuce garken raƙuma ana kora su kasuwa, da iyalai zaune a bakin hanya da katifu a ɗaure, suna jiran motar da ba su san ranar zuwanta ba. A tashar Showak mun ci ful, wato dafaffen wake, da mai da albasa, burodin ya zama kamar tafin hannun yaro. Baffa ya taɓa loma biyu ya ture.

Ya ce a fara kai shi inda asibitin yake. Mai raksha, wato a-daidaita-sahu, ya kai mu bayan gari ya ce ba zai jira ba. Ba abin da ya rage sai daɓen siminti da guntun bango, da bishiyoyin aduwa. Bayan bangon fili ne mai faɗi cike da ƙananan duwatsu a jere, kowane biyu tsakaninsu bai kai tsawon hannu ba, kaburburan yaran shekarar nan ne. Rana tsaka ce, ba tsuntsu ba iska. Baffa ya yi sallama ga mutanen wurin, muka yi addu'a. Yana cikin shafawa na ji wani ɗan sauti daga ƙirjinsa, shuu, shuu, kamar ana jan gashi a kan takarda. Na ce a raina gafakar ce take gogar rigarsa. Amma a tsaye yake cik. Ya ɗora tafinsa a kan gafakar ya ce, "Mu tafi."

A kasuwa muka yi ta tambayar tsofaffi labarin yarinyar da ta yi wa Yabani tafinta. Wani mai sayar da igiya ya ce ai ba yarinya ba ce yanzu, tana can ƙarshen layin masu gahawa. Muka same ta, tsohuwa 'yar Habasha mai zanen gicciye a goshi, tana gasa 'ya'yan gahawa a kasko. Ta ɗago ta dubi Baffa, ta daɗe tana dubansa. Da Larabci suka yi magana, ga ma'anarta.

"Faki Gobe," in ji ta, wato Malam Gobe. "Ashe kana da rai."

"Ke ma ashe bakin nan bai mutu ba."

"Sau nawa na taka zuwa rumfarka? Takalmina ya ƙare a kan gobenka."

"To yau ce goben. Ina mutumin?"

Ta sauke kaskon. Ta ce Yabani ya koma ƙasarsu ba lafiya a ƙarshen shekarar, bayan an daɗe wani likita ya zo ya ce mata ya rasu, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Kayan rubutunsa ita ya bar wa. Baffa ya yi salati a hankali.

Ta rufe teburinta ta kai mu gida, ta sa mu a inuwa, ta dafa mana gahawa da citta, domin ta ce ko bashin shekara arba'in ba a biyansa da busasshen maƙogwaro. Sannan ta fito da akwatin kwano. A ciki akwai baƙin dutse mai ɗan kwari a gefe ɗaya, da alƙalamin gashi a naɗe cikin tabarmar kara ƙarama, da ragowar sandar tawada da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Baffa ya ce in buɗe gafaka. Na zaro takardun ɗaya bayan ɗaya. Da na zo ta bakwai hannuna ya tsaya. Ta cika, har layin ƙarshe. Wuri ɗaya ne kawai fari a gefen hagu, kamar faɗin yatsa biyu, kuma da na duba sauran shidan, kowace tana da irin wannan gurbi.

"Ta cika?" in ji Baffa.

"Ta cika, Baffa."

Ya gyara zama ya fuskanci gabas. Muka zauna muna jira mu uku. Kaza ta ratsa tsakar gidan ta wuce. Ba abin da ya faru.

Tsohuwar ce ta katse jiran. Ta ɗauki takarda ɗaya da hannu biyu ta ce, "Ashe sun fito. Ina zaune ya rubuta su." Baffa ya ce ya san saƙon da ke ciki, gori ne, kuma ya cancanta. Ta dube shi kamar ya yi hauka.

"Gorin me, ya Faki? Na 'yarka ne."

Ta ce a ƙasarsu idan mutum ya mutu, ana kwafa masa littafin nan duk mako har mako bakwai, kamar yadda mu muke sadakar bakwai da ta arba'in. Yabani yakan yi wa duk yaron da ya mutu a hannunsa takarda ɗaya, da haka sandar ta ƙare. Amma 'yar Baffa ya yi mata bakwai cif, domin ya ce 'yar marubuci ce. Ya gwada haɗa baƙin tukunya da ƙaro, ya ƙi kama gashin, sai ya yi da ruwan ƙaron kawai. Ta ce masa ba a ganin komai, ya ce hannu ya riga ya bi hanyar.

"Wannan farin gurbin kuma wurin suna ne. Sau uku yana aiko ni in tambaye ka sunanta. Kai ka sunkuyar da kai, uwarta ta rufe fuska. Ya ɗauka fushi kuke da shi don bai cece ta ba. Da wannan ya tafi."

"'Yar fari ce," in ji Baffa. "Mu ba ma faɗin sunan ɗan fari. Kunya ce. Ba fushi ba ne."

"To wa ya gaya masa? Ni ma sai da na yi shekaru cikin Hausawa na sani."

Baffa ya ɗauki gorar da hannu biyu ya miƙa mata, ya ce, "Ke ce mai riƙe da kayansa. Gora ɗaya ta tawada, sabuwar tukunya, ba ta taɓa kurtuna ba. Ki karɓa a madadinsa, ɗana ga shi shaida."

Ta karɓa. Ta cire tsumman, ta tsiyaya kaɗan a kwarin dutsen nan da ya shekara arba'in a bushe. Dutsen ya shanye ta farko nan take, sai da ta ƙara.

"Na karɓa. Ba ya binka komai." Ta tsoma alƙalamin gashin ta miƙo masa. "Saura sunan."

Baffa ya ce ba zai sa hannu a takardar addinin wani ba, kuma ba ya jin Yabani zai so a tilasta masa. Ya laluba bayan gafakar ya zaro wata takarda guda, ragowar damin farko da ya ɓoye. Sai kuma ya janye hannu.

"Tawadar ai tasa ce yanzu. Kada ki sake ɗora mini wani bashin, ba ni da sauran shekara arba'in."

"Kyauta ce, tsoho mai rigima. Rubuta kafin ta bushe."

Bai taɓa riƙe alƙalamin gashi ba, kuma ba ya ganin takardar sosai. Na riƙe masa gefenta kamar yadda ya taɓa riƙe mini hannu. Ya yi bisimilla, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe na ajami, gashin yana buɗewa yana tsukewa, ya ƙara da addu'ar rahama a ƙasa. A ranar na fara sanin sunan 'yar'uwata. Tunda shi bai furta ba, ni ma ba zan rubuta muku ba.

Tsohuwar ta jira ta bushe, ta ɗora ta a kan bakwai ɗin, ta naɗe su a farin ƙyalle. Ta ce Yabani ya taɓa gaya mata a ƙasarsu akan binne irin waɗannan a tudu idan sun gama aikinsu. Baffa ya ce mu ma haka muke yi wa tsofaffin takardu. Ta ce to ita ta san tudun.

A hanyar dawowa ya sa aka tsaya ya sayi gasasshiyar masara, ya cinye, ya karɓe rabin tawa. Ya yi barci a kafaɗata har Gadarif, ni kuwa ina ta kasa kunne ga numfashinsa. Kwana biyu ya yi a gidana, na mayar da shi Ƙala'at an-Nahal. Dammunan riɗin nan an kwashe su, gonakin sun zama fili.

Abin da na koyo a tafiyar nan, mutum biyu suna iya girmama abu ɗaya su rabu kowa yana zaton ɗayan yana jin haushinsa, don kawai ba wanda ya fassara shirun wani. Na kuma daina cewa gobe ga wanda na karɓi kayansa. Yadda takardun suka yi ta fitowa bi da bi kuwa, har yau ban sani ba, Allah ne masani.

Da zan taho, Baffa ya miƙo mini gafakar, ba komai a cikinta. Na ce ya bar ta ko zai sa wani abu. Ya ce ba shi da sauran ajiya. Ya ɗaga murya ya tambayi matarsa ko akwai ragowar kisra, sannan ya juyo ya ce mini, "Ni da Yabani mun rabu lafiya. Gaida gida."